Yadda Na Tsufar da Kawu a Tashar Malam Madori

Gidanmu a Haɗeja gidan fatoma ne. Ga wanda bai sani ba, fatoma shi ne mai saukar da fatake: ya ba su ɗaki da ruwan wanka, ya nemo musu kaya, ya tsaya tsakaninsu da masu sayarwa, ya ci la'adarsa. Kayanmu bandar kifi ne. In ruwa ya janye daga fadama, masuntan Auyo da na ƙauyukan bakin kogi sai su kyafe tarwaɗa da karfasa su ɗoro wa jakuna, mu kuma mu haɗa su da mutanen Kurmi, waɗanda suka fara zuwa tun da Turawa suka jawo hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Malam Madori.

Yawancin baƙin nan ba sa jin Hausa. Daga sannu, sai nawa, sai albarka, shi ke nan kayan bakinsu ya ƙare. Mutum ya sauko daga jirgi a ƙasar da bai sani ba, dukiyarsa ɗaure a ƙugu, ga fatomomi jere kowa na so ya tafi da shi gidansa. Da me zai zaɓa? Da ido. Kafin hayaƙin jirgi ya washe ya riga ya yanke wanda zai bi, kuma wanda ya bi ran farko shi zai bi har ya daina zuwa, shi zai nuna wa 'yan garinsu.

Babana ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Ba ya gudu zuwa bakin jirgi, yakan ce mai gudu yunwarsa yake tallatawa. Yakan tsaya inda inuwa take, riga wankakkiya, ƙafa a dunƙule wuri ɗaya, ba soshe-soshe, ba tofar da yawu. Ba ya kallon ƙugun baƙo, fuskarsa yake kallo kaɗan ya sauke ido. Kuma ya hana mu kama babban kaya. Wasu su yi ta kokawa da akwati da ƙunshin tabarma, shi butar alwala yake sa a karɓa. Yakan ce matafiyi yana iya rabuwa da akwatinsa na ɗan lokaci, amma duk inda butarsa ta nufa can ƙafarsa za ta bi.

Abu ɗaya yake ɓoyewa, hannunsa na dama. Tun yana saurayi ƙayar kifin nan ƙurungu ta soke shi a tafin hannu, wurin ya kumbura ya ruɓe, da ƙyar wanzami ya ceto hannun. Yatsu biyu suka ƙandare, fatar wurin ta yi fari-fari. Don haka ba ya musafaha da baƙo ran farko. Yakan bar hannun cikin hannun riga, ya yi jinjina, ya dafa ƙirji, ya rusuna kaɗan. Sai baƙo ya kwana ya ci tuwon gidanmu sannan a ba shi labarin ƙurungu a yi dariya. Duk Haɗeja an san labarin hannun nan, kuma ba wanda ya kai Kawu saninsa, don shi ya danne Baba ranar da wanzami ya tsaga wurin.

Kawun nan ba ɗan'uwan Inna ba ne, ba mu haɗa komai da shi ba sai unguwa. Aminin Baba ne tun suna yara, shi ya sa muka tashi muna ce masa Kawu. Shi ma fatoma ne, amma zaurensa bai taɓa cika kamar namu ba. Ashe abin yana cin sa, mu ba mu sani ba, muna ta kai masa ƙwaryar fura.

Shekarar da gemuna ya fara fitowa, wani babban falke ya sauka a tasha karon farko. Baba ya yi masa gaisuwar da ya saba, ni na karɓi buta, mutumin ya saki fuska, har ya juya zai bi mu. Sai ga Kawu da dariya har kunne, ya miƙo hannu biyu kamar wanda ya shekara bai ga Baba ba, alhali sahu ɗaya suka yi sallar asuba. Ya zura hannu cikin hannun rigar Baba ya jawo hannun waje, ya riƙe, ya girgiza, ya ɗaga shi sama yana juyawa a rana yana ta jero gaisuwa. Da ya saki, sai ya koma gefe kaɗan, daidai inda baƙon zai gan shi, ya tsuguna ya goga tafinsa a ƙasa. Ya sa aka zuba masa ruwa, ya wanke har gwiwar hannu, a hankali, yana yamutsa fuska.

Bai ce kuturu ba. Bai ce komai ba. Baƙon ya dubi hannun Baba, ya dubi Kawu, ya matso ya zare butarsa daga hannuna da yatsu biyu.

A wancan zamanin tsoron kuturta ya fi tsoron ɗan doka, ga shi kuma kayanmu abinci ne. Labari ya bi jirgi ya tafi Kurmi, ya dawo da gemu. Waɗanda suka shekara suna cin tuwonmu, suka san labarin ƙurungu, su ma suka janye, wai masu sayen kifinsu a can ba za su ci abin da ya ratsa gidan kuturu ba. Zaurenmu ya koma wurin kwanan awaki. Baba ya daina zuwa tasha. Ya koma saƙar komar kamun kifi a tsakar gida da hannun nan nasa, in an yi sallama sai ya ce a ce ba ya nan.

Na so in fasa wa Kawu baki. Na faɗa a fili, har na ɗauki taɓarya. Baba ya kira ni ya zaunar da ni.

"Ba baki, ba hannu," in ji shi. "In ka zage shi, mu ne marasa kunya. In ka taɓa shi, gidan yari za ka, uwarka ta rasa mai ɗebo mata ruwa. Ka ji ni ko ba ka ji ni ba?"

Na ce na ji. Amma wallahi ban yafe ba, ko da wasa ban taɓa sa wa raina zan yafe ba. Na koma korar jakuna, ina kai bandar wasu tasha, ina kallon Kawu yana tafiya da baƙin da ya kamata a ce a zaurenmu suke kwana. Ya yi ƙiba, ya sayi doki, ya ƙara ɗakuna. Duk ran da ya wuce ni sai in ji kamar an zuba mini barkono a ciki. Shekaru suka tafi a haka, na yi aure, na yi 'ya, fushin bai rage ko ƙwayar gero ba.

Abin da ya kai ni bango shi ne aiken da Kawu ya yi wa Baba wata damina. Wai tun da ɗakunan baƙinmu a banza suke, a sallama masa su da zauren, yana neman inda zai riƙa ɗaure jakunansa. Jakuna, a zauren da kakana ya gina! Abin takaicin, Baba bai kori ɗan aiken ba. Ya ce a ba shi zuwa ƙarshen kakar kifi mai zuwa, in har wani baƙo bai sauka gidan ba, to a zo a yi magana. Katangar gidan tana zubewa, ba abin gyara ta, kuma Baba ya gaji.

Inna ce ta ba ni bakin zaren, ba tare da ta sani ba, ko kuwa da saninta, Allah kaɗai ya san cikin matar nan. Tana tankaɗe take ba ni labarin unguwa. Wai Kawu kullum wanzami na gidansa yana kwashe masa furfura tun ba ta fito ba. Wai ya mari wani mai tallan rake don ya ce masa "tsoho, a kawo?" Wai da sanyin safe gwiwarsa takan riƙe, sai ya ɓuya a ɗaki ya gasa ta da ruwan zafi kafin ya fito yana takun samari.

"Mutumin da ke tsoron tsufa kamar mutuwarsa," in ji ta, ta buga rariya. "Kai wannan, babanka baki ya hana ka da hannu. Ban ji ya hana ka gaisuwa ba."

Na daɗe ina kallon garin da ke zuba. Daga ranar na fara gaishe da Kawu.

Ba irin gaisuwar da nake yi masa da ba, ta ciki-ciki ina kau da kai. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in zube har ƙasa, in ɗaga murya yadda na bakin kasuwa zai ji. "Kawu, an tashi lafiya? Yaya ƙarfin jiki? Yaya ƙafar?" In zai hau doki in ruga in riƙe masa likkafa. In ya tashi daga tabarma in tallafi gwiwar hannunsa. Da farko ya yi ta dubana da zargi, daga baya ya saki jiki. Ya ɗauka saranda na yi, ina lallaɓarsa ya ɗauke ni aiki idan ya karɓe zaurenmu. Har yakan ce wa mutane, "Kun ga yaron nan ya yi hankali." Abokaina kuwa suka yi ta yi mini tsiya, wai na zama karen gidan Kawu. Na ce musu durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, suka ce to Kawu ai ba wada ba ne, na bar su da dariyarsu.

Da kaka ta yi, ruwa ya janye, hayaƙin banda ya tashi a bakin kogi, sai labari ya zo cewa wani Bayarabe alhaji zai zo daga Badun. Bai taɓa taka ƙasarmu ba, amma an ce shi ne uban 'yan kifin garinsu, inda ya sauka nan sauran za su sauka. Duk fatomomin Haɗeja suka wanke riguna. Kowa dai ya san na Kawu ne, don shi ke da doki da ɗakuna. Ni ma na ari riga wurin surukina. Na tafi da kujerar tsuguno guda, da wata tsohuwar sandar kakana mai lanƙwasasshen kai, na jingine su a gindin maina kusa da inda jirgi ke tsayawa.

Jirgi ya iso da hantsi. Alhajin ya sauko, ƙato, mai tsage a kumatu, butarsa ta tagulla a hannunsa. Ya tsaya yana raba ido yadda baƙi suke yi. Kawu ya gyara hula ya taka gaba, ƙirji a buɗe, murmushin nan nasa na kasuwa a fuska.

Ban nufi alhajin ba, ko kallonsa ban yi ba. Kawu na nufa. Na tuɓe takalmi na zube a gabansa, a kan tsakuwar tasha, na miƙe na kai bakina daf da kunnensa na ɗaga murya.

"Kawu! Jirgin ya iso! Ga baƙon nan a gabanka, wannan mai butar!"

Na kama kafaɗarsa a hankali na juya shi wajen mutumin da ya riga yake kallo. Na kakkaɓe masa gaban riga kamar wanda ya zubar da abu bai sani ba. Sannan na ruga gindin maina na ɗauko sandar na miƙa masa da hannu biyu, kaina a sunkuye. Bahaushe in an miƙa masa abu da hannu biyu, hannunsa kan karɓa kafin kansa ya yi tunani. Kawu ya karɓa. Sai ga shi tsaye a gaban babban baƙo, dogare da sandar da bai taɓa riƙewa ba, ni ina tallafe da gwiwar hannunsa.

Ya gane. Na ga lokacin da ya gane, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Amma me zai yi? Ya ture yaron da ya durƙusa masa a bainar jama'a? Ya jefar da sanda kamar mai taɓin hankali? Fushi ya kama shi har leɓensa na rawa, hannun da ke kan sandar ma na rawa, kuma rawar fushi da rawar tsufa ba mai bambanta su daga nesa.

"Kai, sake ni!" in ji shi. "Wane irin iskanci ne wannan?"

Na ce da ƙarfi, "Na'am, Kawu, yanzu za ka zauna! Ga kujera can a inuwa!"

Sai a lokacin na ɗaga ido na dubi alhajin, kaɗan, yadda Baba ya koya mini. Na taɓa kunnena da yatsa, na girgiza kai a hankali, na yi ɗan murmushin ban haƙuri irin na ɗan da ke fama da tsohonsa.

Yarabawa ba su haɗa girmama tsoho da komai ba. Alhajin nan, da girmansa da tumbinsa, ya rusuna wa Kawu har hannunsa na taɓa ƙasa, ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa ya ce, "Sannu, Baba! Sannu, Baba!"

"Ina ji!" Kawu ya daka tsawa. "Ni ba kurma ba ne! Ina ji!"

To, ai kurame su ne masu magana da ihu. Alhajin ya gyaɗa kai cike da tausayi, ya kama ɗaya gwiwar hannun, ni da shi muka raka Kawu gindin maina muka zaunar da shi a kujera. Gwiwar nan tasa kuwa, Allah ya saka mata da alheri, ta zaɓi wannan lokacin ta yi ƙara. Na tsuguna na gyara masa bakin riga, na karkata sandar inda hannunsa zai kai. Da na miƙe, alhajin yana tsaye yana kallona daga sama har ƙasa. Ya dafa kafaɗata, ya faɗi wata magana da yarensu, ya miƙo mini butarsa da kansa.

Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar aurena. Ba zan yi ƙarya in ce na tausaya wa Kawu ba. Tun daga Malam Madori har ƙofar gari ina gaba da buta, alhaji na bisa jakina mafi ƙarfi, zuciyata fari ƙal kamar an wanke ta da sabulu.

Na riga na aika a share zaure a kori awaki. Baba ya fito da tsohuwar rigarsa ta tasha, ya tarbi baƙo a bakin ƙofa, aka kawo ruwa, aka kawo fura. Alhajin ya kwana, ya ga kifi, ya fasa tarwaɗa ya sansana, ya yaba. Kafin kakar ta ƙare mutanensa suka biyo shi, har muka rasa ɗakin sa wasu, muka roƙi maƙwabta. Aka ɗaga katangar da ta zube. Maganar jakuna ba wanda ya sake tayar da ita.

Ni kuwa ban daina gaishe da Kawu ba. Me zai sa in daina? Abin da ban zata ba shi ne yadda gari zai taya ni. Masu jakuna da 'yan dako sun ga babban alhaji yana yi masa ihu a kunne, suka ɗauka da gaske kunnen ya tafi, su ma suka fara. Mai goro ya yi masa ihu, mai nama ya yi masa ihu. In ya shigo masallaci samari su tashi su kama shi. In ya yi faɗa a ce tsufa ne, a yi masa haƙuri. Ya kai ƙarata wurin sarkin kasuwa, aka tambaye shi abin da na yi, ya ce na durƙusa masa na ba shi kujera. Sarkin kasuwa ya ce shi ma Allah ya ba shi ɗa irina. Baƙin da suka rage masa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don ba mai son damƙa dukiyarsa ga wanda ake cewa ya fara rikicewa. Ya daina kiran wanzami, furfurar ta fito gaba ɗaya.

Wata rana bayan azahar, muna zaune a zaure da baƙi ana ɗaure kwanduna, sai ga sallamarsa. Rabonsa da ƙofar gidanmu tun kafin ranar da ya jawo hannun Baba a tasha. Na zabura zan durƙusa, ya ɗaga mini hannu, bai ko dube ni ba. Ya tuɓe takalmi ya shigo ya zauna kusa da Baba. Suka gaisa sama-sama. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada baƙi su ji.

"Malam, don girman Allah, don zaman da muka yi tun muna yara, ka ce wa ɗanka ya daina gaishe ni."

Na san halin Baba, mutum ne mai sanyin zuciya, kuma in ya ce in daina, dole in daina. Duk tsawon lokacin nan bai taɓa tambayata abin da ya faru a tasha ba, ni ma ban faɗa masa ba. Ya ɓare goro a hankali, ya ci rabi, ya ajiye rabin a gabansa bai miƙa wa kowa ba.

"Haba mutumina," in ji shi. "Ni da bakina in hana ɗana ladabi? Me gari zai ce da ni?" Sai ya juyo wajena, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba. "Kai, Kawunka zai tafi! Gyara masa takalmansa, ka raka shi, kada ya faɗi a hanya!"

Na tashi na ɗauki takalman na kakkaɓe su, na juya bakinsu waje. Na bi da shi ta tsakiyar kasuwa har ƙofar gidansa, ina riƙe da gwiwar hannunsa, kuma a hanya ya jingina da ni.